Famfon Otel a Rijiyar Jiratawa

Kwanan baya aka kira ni wani gida a sababbin unguwannin Maraɗi, gidan wani ɗan kasuwa da ya gina wa 'ya'yansa pisin, wato kwamin wanka irin na otel. Ruwan ya yi kore kamar miyar kuka. Samari biyu da suka haɗa masa famfon suna tsaye a kai. Famfo ne irin na yanzu, wanda ake ƙara masa gudu ko a rage da dangwala yatsa, ga ɗan gilashi a kansa mai nuna lamba. Ɗayansu ya nuna mini lambar ya ce, "Tsoho, ga abin da shika turawa nan, ba sai an auna ba." Na ce a dai kawo mini tono. Suka dubi juna suka yi dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa yi wa wani dattijo irin wannan dariyar.

Tono ganga ce ta ƙarfe, irin wadda ake zuba mai a ciki. Ka kwance tiyo, ka saka bakinsa a cikinta, ka ga tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta cika. Ruwan da ya fito ranar bai kai abin da gilashin ya nuna ba. Ba kuma ƙarya gilashin ya yi ba. Gudun injin ya sani, bai san tankin yashin da ke tace ruwan ya toshe ba, bai san magini ya yi ta lanƙwasa tiyo gwiwa a kan gwiwa don kada ya fasa wa mai gida tayil ba. Muka wanke yashin, muka ɗan ƙara gudu, na hau kabu-kabu na koma gida gwiwoyina suna yi mini tsiya tun daga ƙofar gidan har tawa.

Ku samarin yanzu kuna ganin aikin nan ba komai ba ne: a ɗaura, a danna, a karanta lamba. Ba na ce ku koma zamaninmu, don babu abin da ke cikinsa sai ɗaukar nauyi da shan rana. Amma akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe, kuma ba na iya faɗinsa sai na bi ta kan Baba Ayuba.

Baba Ayuba shi ne ubangidana a sana'a. Mutumin Tsibiri ne, Kirista, dogo, mai 'yar furfura a haɓa tun ina saninsa. Shi ke kula da ruwan wani otel a nan Maraɗi lokacin da Turawan ayyukan taimako suka cika gari, kuma a ƙarƙashinsa na koyi komai. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: kile, wato sufana, manya da ƙanana, guduma ta roba, tsohuwar robar taya da yake yanka yana ɗaure tiyo da ita, da sandar gora da ya yi wa zane yana auna zurfi. Sai tono, wadda ni ne jakinta. Ba ya ɗaura agogo, wai ruwa ke kashe shi. In za mu auna, sai ya ce in saka tiyo a tono, shi kuma ya fara rera wata waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, kullum ita ɗin, kullum da sauri iri ɗaya. In tono ta cika kafin ya gama baiti, famfo lafiya lau. In ya shiga baiti na biyu, yashi na son wanki. Ranar farko da na ga haka dariya na yi har na saki tiyo na jiƙa masa wando. Ya dai sa na sake ɗauko tonon daga farko. Ni Musulmi ne, kalmomin waƙar ba nawa ba ne, amma karinta ya shige mini kai. Har yau in na saka tiyo a tono shi nake yi a maƙogwaro.

Darasin da ya fi zama mini shi ne na tsani. Wata safiya ya jingina tsani da bangon ɗakin inji, ya miƙa mini tiyo ruwa na fita da ƙarfi, ya ce in hau a hankali. Ina hawa ruwan na raguwa. Da na kai can sama, sai ruwan ya zo daidai bakin tiyo ya tsaya yana rawa, ba ya zuba.

Ya ɗago kai ya ce, "Isuhu, injin ya mutu?"

Na ce, "A'a, Baba, shina ta ƙara."

Ya ce, "To ka riƙe wanga. Ƙara daban, ruwa daban."

Daga nan ya koya mini sauran. Farantin ƙarfen da ke jikin famfo yana faɗin ruwan da zai bayar, amma a sarari, babu hawa, babu gwiwa, babu dauɗa. Kowane ɗayan waɗannan sai ya ci rabonsa. Famfon otel ɗin da bel yake juyawa, yana da gargare babba da ƙarami, don haka muna iya sa shi gudu ko mu sa shi tafiya. Baba ya nuna mini cewa in ka rage gudu rabi, ruwa ya ragu rabi, amma ƙarfin ɗaga ruwan zuwa sama ba rabi ke saura ba, kwata ne. A pisin wannan ba damuwa ba ce, domin ruwan daga kwami yake fita ya koma kwami, babu hawan da zai yi. Sai ka bar famfo yana tafiya a hankali yini guda, ruwa ya yi garau, kuran, wato wutar lantarki, kuma ba ta ci kuɗi ba. Mai otel yana son Baba saboda wannan dabarar. Baƙin kuwa ba su san da mu ba sai ranar da ruwa ya yi musu yaji a ido. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ke tsoma ɗan yatsan ƙafa kullum kafin ta shiga, in ta ga ganye ɗaya a kan ruwa sai ta kira ni da tafi kamar mai kiran kaza. Na ɗebe mata ganye har na gaji da ganin itacen da ke zubar da shi.

Sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar farkon damina, kowa ya samu bakin magana. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, ni ma na bi gangami har muryata ta dushe. Amma murna ba ta biya albashi ba. Ma'aikata suka yi ta yajin aiki, makarantu a rufe, ofisoshi a rufe, Turawan nan suka fara ɗaure kayansu ɗaya bayan ɗaya. Otel ya koma sai ƙadangaru. Mai otel ya ce a zubar da ruwan pisin, ba zai iya ciyar da kwamin da babu mai shiga ba. Mu muka zubar da shi da hannunmu. Da damina ta zo, kwaɗi suka tare a ciki. Ranar da ya sallame mu, mai otel ya ce wa Baba ba shi da abin da zai ba shi na sallama sai famfon, ya kwance ya tafi da shi. Ni na samu wata rumfa kusa da kasuwa ina gyaran ƙananan injinan ban-ruwa. Baba kuwa ya ɗora famfonsa a amalanke ya nufi Jiratawa.

A gefen manyan gonakin ban-ruwa na Jiratawa akwai wasu manoma, su goma sha wani abu, da ba su samu fili a cikin babban tsarin ba. Suna da rijiya mai faɗi a kwarin Gulbi, ɗaya daga cikinsu kuma yana da tsohon injin niƙa mai shan gazuwal, wato man dizal. Famfo ne ba su da shi. Baba ya kawo nasa, aka haƙa rami a gefen rijiyar aka saukar da shi kusa da ruwa, ya haɗa shi da injin niƙan da bel. Ni na je na taya shi ɗaurawa. Da muka tayar, ruwa ya fito fari tas ya bi magudana, tono ta cika bai gama baiti ba. A madadin famfon suka ba shi fili da lokacin ruwa. Ya shuka tattasai. Shi da matarsa, Inna Rahila, suka kama ɗaki a garin, kuma wannan filin shi ne duk abin da suke da shi.

Yadda suka tsara rabon ruwa shi ne abin lura. Da lokutan salla suke rabawa: wane daga asuba zuwa hantsi, wane daga hantsi zuwa azahar, haka har magariba, ranaku kuma suna zagayawa. Kowa zai zo da gazuwal ɗinsa a bido, wato jarka, ya zuba, ya sha ruwansa. Baba aka ba shi daga azahar zuwa la'asar, kuma ba a taɓa sa masa Lahadi ba. Da yake zamanin zaɓe ne, komai sai an ɗaga hannu. Suka zaɓi shugaba, Malam Hamisu, wanda kowa ke kira perzidan, suka kuma kafa doka: in inji ya yi shiru kafin lokacinka ya cika, na bayanka ya karɓa nan take, in abin ya maimaitu, an ɗauka ba ka da buƙata, sai a yanke lokacinka a ba masu jira, don akwai mutane da yawa da ke son shiga. Dokar don malalata aka yi ta, masu tayar da inji su tafi hira. Baba ne ya fara ɗaga mata hannu.

Shekarar farko tattasai ya yi kyau har Inna Rahila ta aiko mini da kwando. Shekarar da ta biyo ita ce mummunar. Aka karya darajar kuɗin sefa, man da ke shigo mana daga Najeriya kuma ya yi wuya, masu sayarwa a kwalba a bakin hanya suka ɓace, in ka samu kuwa sai ka riƙe baki. A rumfata ma aiki ya tsaya, domin wanda ba shi da abin zubawa a inji ba ya kawo shi gyara.

A cikin wannan hali wata safiya na ɗago kai na ga Inna Rahila tsaye a bakin rumfa, ƙafafunta fari fat da ƙura. A ƙasa ta zo daga Jiratawa. Na shimfiɗa mata buhu, na kawo ruwa, muka gaisa.

Ta ce, "Isuhu, so nika ka zo ka duba pampon ubangidanka. Tattasai ya hwara hure, ga shi yana zubad da shi. Kullum shina can tun azahar, ina jin injin daga gida har la'asar, amma hwangula a bushe."

Na ce, "Inna, shi mi yac ce?"

Ta ce, "Ka san shi. Bai cewa komi. Kuma kar ka ce ni na aiko ka."

Washegari na ɗaure jakar kile a bayan keke na tafi. Tun ban ƙarasa ba, ina kan tudun da ke gangarawa kwari, na jiyo injin. Injin niƙa in yana aiki na gaskiya bugunsa a haɗe yake, ba ka iya raba ɗaya da ɗaya. Wannan kuwa bugawa yake yana hutawa, kamar tsohuwa mai daka ita kaɗai. Tun daga nan na zargi abin, amma na ce bari dai in gani da idona.

Na tarar da Baba zaune a kan dutse kusa da ramin, malafa a ka. Bakin tiyo yana tsiyayar da ɗan ruwa da bai kai na buta ba, yana bin magudana taku kaɗan ƙasa ta shanye shi. Fangulan da ke kusa ne kawai ke da ɗan danshi. Sauran tattasan ya sunkuyar da kai, furanni fari a zube a gindinsa.

Ya ce, "Rahila ta aiko ka."

Na ce, "Wucewa nika yi, Baba."

Ya ce, "Da jakar kile."

Na jawo tonon da ke gefe na saka tiyo a ciki, na tsaya ina kallonsa. Ya yi ɗan murmushi, ya fara waƙar. Ya gama baiti ruwa bai rufe gindin tono ba. Sai na sauka ramin na tura maƙunshin gudun injin gaba. Injin ya yi tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, bugunsa ya haɗe, tiyo ya miƙe kamar an hura shi, ruwa ya fito da ƙarfinsa na da. Kafin in fito daga ramin tono ta kusa cika. Famfon babu abin da ya same shi.

Baba ya taso a hankali, ya sauka, ya mayar da maƙunshin inda yake. Sannan ya ɗaga bidonsa ya girgiza mini. Abin da ke ciki bai fi a wanke hannu da shi ba.

Na yi lissafi a kaina, irin wanda shi ya koya mini. Na ce, "Baba, man nan in kunka sake mishi gudu, zai ba ku ruwa na ɗan lokaci, amma ruwa na gaske. Ko kashi ɗaya cikin ukku na hilin ga ya sha, kun tsira da wani abu. Hakanga kuwa man ka ƙonewa, ruwan bai kai bakin tiyo. Nan ba pisin ba ne, akwai hawa."

Ya ce, "Wa ya hau da kai tsani?"

Ya ajiye bidon a ƙasa.

Ya ce, "Na san abin da kaka hwaɗi. In na sake mishi, kahin inuwa ta matsa taki biyu ya mutu. Hamisu na gindin iccen can shina saurare. Yau a karɓa, jibi a karɓa, rannan a kira taro a ɗaga hannu. Bana ta riga ta tahi, Isuhu. Baɗi nika tsaro. In mai ya dawo ban da lokaci, ina za ni da tsuhwana?"

Wato ba ruwa yake saye da ɗan man nan ba, ƙara yake saye, don a ji daga gari cewa Ayuba yana kan lokacinsa. Na ji haushi, na ji tausayi, na kuma ji kunyar ganinsa a haka. Mutumin da ya koya mini cewa ƙara daban ruwa daban, ga shi zaune yana gadin ƙara.

Na zauna tare da shi har aka kira la'asar. Na yi salla a bakin magudana. Mai karɓa ya iso da bidonsa a naɗe cikin buhu, muka gaisa, Baba ya kashe inji ya ba shi wuri. Muka kama hanyar gari, ina tura keke. Ba mu yi nisa ba na ji injin ya tashi a bayanmu. Na tsaya cak. Bugun nan ne dai, yana bugawa yana hutawa. Na dubi Baba, shi kuma ya dubi hanya.

Na ce, "Shi ma?"

Ya ce, "Ban ji komi ba."

Maimakon in koma Maraɗi sai na nufi gindin itacen da Malam Hamisu ke zama. Mutum ne mai faɗin fuska, mai haƙuri, da rediyo kullum a kunne yana bin labarin rikicin manya a Yamai. Bayan gaisuwa na ce masa na duba famfo, lafiyarsa ƙalau, amma ina da shawara. A haɗa man kowa wuri ɗaya, a saki inji da cikakken gudu na ɗan lokaci kowace rana, a raba ruwan da yawan fangali, a bar maganar azahar da la'asar sai abubuwa sun daidaita. Na yi masa bayanin hawa da gudu, har da zane a ƙasa. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Malam Isuhu, ka zaci kurame ne mu? Shekara nawa ina niƙa da injin ga kahin a kawo shi nan? Ni ma da asuba hakanan nika sa shi."

Na ce, "To, perzidan, tunda kowa ya sani, mi za a jira?"

Ya rage muryar rediyo ya ce, "Kowa ya sani. Wa kaka so ya hwara hwaɗi?"

Duk da haka ya yarda ya kira taro, ya ce in zo in yi magana da bakina, tunda ni baƙo ne, ba ni da fili ba ni da jam'iyya a cikinsu. Aka taru a bakin rijiyar bayan sallar Juma'a. Tun daga zama na ga inda za a je: 'yan wannan jam'iyya a tabarma ɗaya, 'yan waccan a ɗaya, Baba a kan dutsensa can gefe. Na faɗi abin da na faɗa wa Malam Hamisu, ban ambaci sunan kowa ba. Na ce kawai injin in ya yi ƙasa da wani gudu ruwa ba ya hawowa. Aka yi ta gyaɗa kai kamar yau aka fara jin haka. Sai wani ya tambaya, in za a haɗa mai, wa zai riƙe? Wani daga ɗaya tabarmar ya ce shi dai ba zai zuba nasa a hannun mutanen da suka sace akwatin zaɓe ba. Aka yi ca. Da ƙura ta lafa, wani dattijo ya yi tambayar da ta kashe maganar: in za a haɗa, ai sai kowa ya kawo bidonsa nan gaban jama'a a ga abin da ke ciki, ko? Wani ya ce shi nasa a cike yake, bai ga dalilin da zai ɗauki nauyin wani ba, alhali na ji bugun injin a lokacinsa da kunnena. Malam Hamisu ya ce a ɗaga hannu. Hannu biyu ne suka tashi, nasa da na wani gurgu da ba shi da abin ɓoyewa. Na dubi Baba. Hannayensa suna kan gwiwa, idonsa a ƙasa.

A hanya na ce masa, "Baba, ko ku ba ku ɗaga ba."

Ya ce, "Da na ɗaga, da sun ce don ni anka kawo ka."

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na sayar da wani tsohon inji da aka bar mini a rumfa, na samo gazuwal bido ɗaya a wajen wani direba na kai masa. Ya karɓa bai yi gardama ba, abin da ya ƙara karya mini zuciya. Ranar ya saki inji, fangula suka sha har suka yi ambaliya. Na sake kai masa sau ɗaya. Amma tattasai mai fure ba ya jiran sai ka samu, ni kuma ina da bakuna a gida. Bayan nan sai injin ya koma bugunsa na da. Har ƙarshen rani haka kwarin nan ya yini yana ƙara tun asuba har magariba, mutane suna ƙona ɗan abin da suke da shi, gonaki suna bushewa a gefensu. Man da aka ƙona a banza a ranin nan, da an haɗa shi, da kowa ya tsira da abin miya da iri. Na yi wannan lissafin sau da yawa a kan keke, har na daina don ba ya ƙara mini komai sai ciwon kai.

Baba ya tsira da lokacinsa. Ba a taɓa karɓe masa ko sau ɗaya ba. Abin da ya tsinka daga fangulan bakin tiyo kuwa bai cika buhu ba. Kafin damina ta yi nisa sun cinye abin da ke ɗaki, sun sayar da akuyar Inna Rahila, babu kuɗin iri balle na mai. Ƙanensa ya aiko daga Tsibiri cewa ya dawo gida su noma gero tare. Lokacin ruwan nan da ya ƙona amfanin shekara guda don ya tsare, da bakinsa ya je ya ce wa Malam Hamisu a ba wani. Famfon ya bar musu, ya ce ba shi da rijiyar da zai kai shi. Na ji an daɗe ana kiran tsakanin azahar da la'asar lokacin Ayuba, har waɗanda ba su san shi ba.

Ranar da za su tashi na je taya su ɗaura kaya. Amalanke ɗaya ta ɗauke komai, har da sauran wuri. Baba ya tafi sallama da maƙwabta, ya bar ni da Inna Rahila muna ɗaure turmi da igiya. Ta ja igiyar ta ƙulle, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Isuhu, na aike ka tun rani, har yau ba ka kawo mini amsa ba. Mi ya samu pampon?"

Na ce, "Inna, pampon lahiya tai lau."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na sani. Ni ka wanke bidon nan. Na san abin da ka shiga cikinai."

Na ce, "To mi ya sa kunka taka har Maraɗi?"

Ta ɗaga ƙullin tabarma ta ɗora a kan kayan, ta gyara masa zama. Ta ce, "Na so a ce pampon ne. Pampo ana gyara shi."

Baba ya dawo, ya kama akalar jaki, suka kama hanyar Tsibiri. Ina tsaye da keke har suka hau tudu. A bayana, can cikin kwari, wani ya tayar da injin.